Rukunin Baba Ko Rukunin Mista Zadok

Jama'a, ina yi muku sallama da hannu ɗaya, domin ɗayan yana riƙe da fasfo takwas da babu nawa a ciki. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambayar inda na shige, lafiyata lau, tsofaffi ne suka sa ni a gaba. Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Ruƙayyatu, shekarata ashirin da shida, na karanta ilimin ƙididdiga a jami'ar da ke Girei, ina zaune gidan iyayena a Karewa, kuma ni ce 'yar fari. A nan wahalata ta samo asali.

A gidanmu, kamar gidajen Fulanin Yola da yawa, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya haɗa ido da shi, balle su zauna su yi hira. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana da magana da ni sai ya shigo falo, ya tsaya ya fuskanci firji, ya ce, "A gaya wa mai kwamfuta kaza da kaza." Ni kuma ina nan zaune kusa da shi, in sunkuyar da kai in amsa wa firjin. Mu uku mun saba da juna.

Bara Baba, wato Alhaji Hamajoɗa, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, likita ya ce sai ya riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini. Abokinsa Mista Zadok, tsohon firinsifal ɗan Numan, ya ja shi filin golf wai ya je ya yi kallo kawai. Ya dawo da hular hana-sallah a kai da safar hannu guda ɗaya. Dada, mahaifiyata, ta tambaye shi ina ɗayar ta faɗi, ya ce haka ake sa ta. Har yau ba ta yarda ba, tana ganin mai shago ne ya raina masa wayo.

Yanzu su bakwai ne, duk 'yan fansho. Wata uku da suka wuce suka yanke shawarar zuwa Agadir ta ƙasar Maroko, kwana shida, su buga wasa a filin da ciyawa take kwance har bakin rami. Inda suke wasa a nan yashi ne ake daɓewa kewaye da ramin, ciyawar kuma da rani awaki ne ke yi mata aski. Da aka zo maganar wa zai shirya tafiyar, Baba ya dawo gida ya shaida wa firji cewa an naɗa mai kwamfuta sakatare. Ba wanda ya tambaye ni.

To, in Allah ya jarrabci ɗayanku da shirya wa dattawa irin wannan tafiya, ku saurari wadda ta riga ku shan wuya. Kada ku yarda da "fasfona yana nan lafiya" a waya. Ku bi gida gida ku karɓo da hannunku, ku buɗe, ku duba ranar ƙarewarsa, a tabbata yana da aƙalla wata shida a gaba, sannan a fara maganar biza. Alhaji Jalo, aminin Baba, ya rantse min nasa sabo ne fil. Da na buɗe sai na ga hotonsa da baƙin gashi cunkus, mutumin da yanzu ƙuda ma zamewa yake yi a kansa. Sati uku muka yi muna sabunta shi.

Filayen can ba irin namu ba ne da mutum zai iso duk lokacin da ya gama karin kumallo. Tun wata biyu kafin tafiya ake kama lokaci, kuma da minti ake ba ka: rukuni na farko takwas da minti goma, na biyu takwas da minti ashirin. Da na rubuta haka a guruf ɗinsu na WhatsApp, Dakta Apollos, tsohon likitan dabbobi, ya turo saƙon murya na minti huɗu yana tambaya ko Larabawan nan jirgin ƙasa suka ɗauke su. Suna kuma neman takardar handikaf, wato shaidar da ke nuna iyawar mutum a wasan, ko wasiƙa daga kyaftin ɗin kulob. Mista Zadok ne kyaftin, shi ya sa wa kowa hannu.

Sai tufafi. An rubuto cewa dole riga mai kwala. Baba ya shigo ya gaya wa firji cewa kaftaninsa ma yana da wuya. Na amsa wa firji cewa ba irin wannan wuyan ba. Dada ta ɗauki shaddarsa ruwan toka ta kai wa tela a kasuwar Jimeta ta ce a yi ƙaramar riga mai kwala, telan kuma don ya burge ya zuba mata aikin zare tun daga ƙirji har cibiya. Na tura wa otal hoton ina tambaya ko za a bari. Kwana biyu shiru, sannan suka amso cewa an yarda, kuma manajansu yana so ya san inda ake sayarwa.

Jakar sandunan golf kuwa, tun ranar yankan tikiti ake sanar da kamfanin jirgi, a kowane zango, Yola zuwa Legas, Legas zuwa Kasablanka, daga nan zuwa Agadir, a kuma tambayi nauyin da aka yarda da shi. A naɗe kawunan sandunan da tawul kada su karye. Tawul na ce. Dakta Apollos ya naɗe nasa da kilishi, ya cusa busasshen kifin Binuwai a aljihun ƙwallaye, wai ya ji abincin can babu yaji. Na yi masa bayani cewa a filin jirgi za a iya ƙwacewa, ya ce to sai ya zauna ya cinye a gabansu. Maganin hawan jini da na suga a jakar hannu ake sa su, ba a cikin kayan da ka iya kwana a Legas ba. Motar da za ta ɗauke su, kada ku nemi mai cin mutum takwas, ku nemi ta goma sha huɗu, don kowace jaka tsayin mutum gare ta kuma mai ita ba zai yarda a ɗaure ta a saman mota ba. A bar ranar hutu a tsakiya saboda gwiwoyi. Na sa Juma'a babu wasa don masallaci, Lahadi kuma sai da yamma don su Mista Zadok su samu coci. Wannan kaɗai ne abin da na yi wanda ba a turo min murya a kansa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Matsalar ita ce su bakwai ne, wasan kuma huɗu huɗu ake yi. Wata safiya Baba ya shigo ya sanar da firji cewa an samu na takwas, a rubuta Suhaib.

Suhaib ɗan abokin Baba ne. A Fatakwal ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin kwastan, yanzu yana koyar da safiyo, wato ilimin auna ƙasa, a Girei. Wata biyar ke nan yana zuwa gidanmu kowace Asabar da la'asar. Ya cire takalmansa ya jera su daidai kamar zai auna su, ya zauna a kujerar roba a baranda, ni kuma in zauna can ƙarshen tabarma ina ƙirga furannin mayafina. Shi ya yi ta magana, ni in ce "to", in ce "Allah sarki", in an jima in sake cewa "to". Ku kaɗai zan gaya wa gaskiya: ina son mutumin nan. Ran nan maimakon turare ko cakulan sai ya kawo min tsohuwar taswirar Jimeta, ya nuna min da biro inda gidanmu yake a lokacin da Karewa take daji, ya ce, "Ga ki nan, kusa da wannan rafin." Kwana uku na yi ina buɗe ta ina rufewa. Amma da ya tambaye ni ko ta yi min, me na ce? "To." A takarda ina iya cika shafi goma. A gaban mutum harshena nannaɗewa yake kamar tabarma.

Ranar Laraba da hantsi ina falo da kwamfuta a cinya sai na ji keke napep ya tsaya a ƙofa. Goggo Fadimatu ce, yayar Baba, daga cikin Yola. Ta sha atamfa mai ruwan ganye da farin gyale, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara.

"Ke Ruƙa, yaushe za ki tura wa Larabawa sunaye?"

"Juma'a, Goggo. Kafin sha biyu na rana suka ce, in ba haka ba su ba wasu lokacin."

"Rukuni nawa?"

"Biyu. Na Baba da na Mista Zadok."

"Kowane rukuni tare suke wuni? Tare suke cin abinci?"

"E, teburi ɗaya ake ware musu bayan wasa."

Ta dubi Dada, Dada ta dubi silin. Nan na gane an riga an yi mitin ba ni.

"Madalla," in ji Goggo, ta ɓare goro. "Wata biyar muna tambayan ki, kina ce mana 'to'. Baban ki ba zai iya tambaya ba. Yanzu Allah ya kawo hanya, ba sai kin buɗe baki ba. Suruki ba ya cin abinci a gaban suruki, tun kakanni ba a taɓa yi ba. In kin sa yaron a rukunin baban ki, mun gane, ɗan aboki ne kawai, ya ci shinkafan shi ya tashi. In kin raba su, shi ma mun gane."

"Goggo, ai tsarin wasa ne. Da handikaf ake haɗawa."

"Da me?"

"Da iyawa."

"Ni ma da iyawa na haɗa aure goma sha ɗaya."

"Amma ai suna wasa tare a nan duk Alhamis."

"Suna tauna wani abu a wurin?"

Na koma kallon kwamfutata.

"Uwar shi ta kira ni jiya," ta ci gaba. "Ta gaji da jira. Akwai 'yar ƙanwar ta a Nassarawo, ta gama karatun nas, yarinya mai baki kamar rediyo. Ran Juma'a bayan masallaci zan ba ta amsa, ko wannan ko wancan."

Na yi shekara huɗu ina karatun ƙididdiga, na san in rukuni biyu ne babu na uku da mutum zai ɓuya a ciki. Duk da haka na gwada. Na rubuta wa Mista Zadok ko za a riƙa cakuɗa mutanen kullum, ya ce ba zai yiwu ba, gasa ce tsakanin rukuni da rukuni, ya riga ya sayi kofi.

Gaskiya ban damu sosai ba. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai sauƙi ne ya zo min har gida: in ja sunansa daga hagu zuwa dama a kwamfuta, shi ke nan na amsa ba tare da na ce uffan ba. Har na fara murmushi ni kaɗai kamar wadda ta zare. Sai wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Suhaib.

"Salam Ruƙayyatu. Ina neman alfarma ɗaya."

"To."

"Don Allah, don Annabi, ki sa ni a rukunin Baba."

Na karanta sau shida. Kafin in gama na bakwai wani saƙon ya shigo.

"Kada ki sa ni a ɗayan. Ina roƙon ki."

Jama'a, kun ji fa. Na ce shi ke nan, ya ji labarin mai rediyo, ya ga ta fi masa, yana neman hanyar zamewa cikin mutunci. Na shiga ɗaki na kifa kai a filo. Dada ta leƙo ta tambayi lafiya, na ce mura. Ta ce murar da ba atishawa, Allah ya sawwaƙe.

Da yamma Fibi ta zo. Ita ce 'yar Mista Zadok, ƙawata tun sakandare, tana aiki a banki. Ta shigo da dogayen takalmanta a hannu, ta faɗa kan gadona, ta jawo kwalbar gyaɗata ba tambaya. Hausar Fibi ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Na miƙa mata wayar ta karanta.

"Rukky, kai fa matsala ne da kai. Ka tambaye shi dalili?"

"Ta yaya zan tambaye shi?"

"Da baki! Wannan abin da ke ƙasan hancin ka."

"Ya fasa ne, Fibi."

"Wanda ya fasa ba ya cewa don Annabi. Abeg, tashi ka wanke fuska. Gobe Alhamis, suna fili. Daddy ba ya zuwa ran Alhamis, yana mitin na dattawan coci. Ka ɗauki fom na inshora ka ce sa hannu ka zo nema. Ni zan kai ka kafin ofis."

Af, na manta: inshorar tafiya ma dole ce, musamman in mafi ƙanƙantar shekaru a tawagar, ban da mutum ɗaya, sittin da biyu ne.

Ƙarfe bakwai na safe muna filin. Na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai ɗan duhu, na rungume fayil a ƙirji kamar garkuwa. Muka tsaya a bayan wata mota, su ba su gan mu ba. Baba ya buga tasa ƙwallon, ta tafi ba laifi. Alhaji Jalo ya buga. Sai Suhaib ya matso cikin farar riga mai kwala, sabuwa har da layin ninki. Ya dasa ƙwallo, ya gyara tsayuwa, ya auna, ya sake aunawa, kamar mai shirin raba gonar gado. Yana ɗaga sanda sai na ga Baba ya juya baya gaba ɗaya yana nazarin wata bishiyar dogonyaro. Alhaji Jalo, don ya taya amininsa kunya, shi ma ya juya.

Suhaib ya kawo sanda da ƙarfinsa duka. Ƙasa ta tashi, hularsa ta faɗi, ƙwallon tana nan inda take ko motsi ba ta yi ba. Ya sake. Wannan karon sandar ce ta kusa tafiya ta bar shi. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon ya wurga ta da hannu iya ƙarfinsa.

"Madalla," in ji Baba, yana gaya wa bishiya. "Bugu mai kyau."

Fibi ta cusa hannun jakarta a baki ta cije. Ƙarar da ta kuɓuce mata ce ta sa Suhaib ya waigo. Ya gan mu. Ya ce wa dattawan su ci gaba zai biyo su, ya nufo mu yana share gumi da hular da ya tsinto. Fibi ta tuna wai tana da kira, ta matsa gefe, amma ba nisan da kunne ba zai kai ba.

"Kin gani?" ya ce.

"To."

"Ruƙayyatu, wannan 'to' ɗin na an gani ne ko na ba a gani ba?"

"Na gani."

Kalma biyu a jere. Shi kansa sai da ya ɗago ya kalle ni.

"Ranar da Baba ya aiko yana tambaya ko ina wasa, na ce e, na taɓa yi a Fatakwal. Wallahi ta gefen filin kawai na taɓa wucewa a mota. So nake ya ga ni ma mutum ne. Sati bakwai ke nan ina zuwa ran Alhamis kaɗai, don Mista Zadok ba ya nan. Baba bai taɓa ganin buguna ko ɗaya ba. Ban san dalili ba, da na ɗaga sanda sai ya juya. Allah ne kawai ya rufa min asiri."

Bai san dalili ba! Wannan bawan Allah da digirinsa biyu bai san kunyar suruki Baba yake ji ba. A Fatakwal ba su koya masa komai ba. Wato ke nan bai san da hukuncin Goggo ba, bai san abin da yake roƙo ba.

"Mista Zadok a kan amana ya sa min hannu," ya ci gaba, muryarsa ƙasa ƙasa. "Mutumin nan shekara talatin ya yi yana kama masu satar jarrabawa. In kika sa ni a rukuninsa, a rami na farko zai kama ni, kafin magariba kowa ya ji, har Baba. Ki rufa min asiri, Ruƙayyatu."

A cikin kaina na shirya masa jawabi cikakke, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka sa hannu a nan."

Ya sa. Na karɓi fom ɗin na rufe fayil.

A mota Fibi ta yi ta dariya har ta kusa hawa kan mai rake. "Daddy zai sa shi ya durƙusa a kan ciyawa ya ɗaga hannu sama! A Maroko! Gaban Turawa!"

Ni ban yi dariya ba. In na sa shi da Baba, na rufa masa asiri, Goggo kuma ta kira uwarsa ta ce a tafi Nassarawo. In na sa shi da Mista Zadok, na amsa, amma na tona shi a gaban dattawa bakwai bayan ya roƙe ni ido da ido. Za ku ce me ya hana ni rubuta masa bayani a waya, tunda na iya rubutu. Na gwada. Na rubuta, "Goggo ta ce in na raba ku, yana nufin cewa ni..." sai na tsaya, domin ƙarshen wannan jimlar shi ne abin da na kasa faɗa wata biyar. Na goge. Na sake rubutawa bayan azahar, na sake gogewa bayan la'asar.

Yau Juma'a, tun ƙarfe goma Goggo ta iso, wannan karon da leshi ruwan hoda da sarƙar da take sa wa a biki, abin da ya nuna ta zo da shirin komai. Ta baje a kan kafet ta miƙe ƙafa. Dada ta kawo tiren wake falo wai tana tsincewa, abin da ba ta taɓa yi a falo ba tunda aka gina gidan. Baba cikin babbar rigarsa ta masallaci ya shigo sau huɗu yana buɗe firji yana rufewa bai ɗauki komai ba. Ni kuma ina tsakiya da kwamfuta a cinya, sunaye bakwai sun zauna a wurarensu, ɗaya yana yawo.

Sha ɗaya da kwata, Suhaib: "Ina fatan kin tuna da ni."

Sha ɗaya da rabi, saƙon murya daga Mista Zadok, na yi kuskuren buɗe shi da ƙarfi: "Sakatare, lokaci ya kusa fa. Ni da za ki ba ni yaron nan na Fatakwal, da na gode. Baban ki ya ce bugun shi yana tafiya kamar an wurga da hannu."

Sha biyu saura ashirin, Suhaib ya turo hoton hannaye biyu suna addu'a. Sau uku.

"Ruƙa," in ji Goggo, ba ta ko kalle ni ba, "agogon ku na gudu ko daidai yake?"

"Daidai yake, Goggo."

"To."

Ashe haka kalmar nan take da zafi in a kanka aka sauke ta.

Saura minti takwas na rufe ido na yi lissafi irin wanda ba a koya mana a Girei ba. Kunyar Maroko kwana shida ce, mutum zai dawo ya warke, ko da kuwa an durƙusar da shi a kan ciyawa. Mai rediyo kuwa in ta shiga ta shiga ke nan. Na ja sunan Suhaib na ajiye shi a ƙarƙashin na Mista Zadok, na mai da Dakta Apollos da kilishinsa wajen Baba. Na tura wa otal. Na tura guruf.

Wayar Baba ta yi ƙara a aljihunsa. Bai taɓa ta ba. Goggo ta fizgi tawa ta miƙa wa Dada. "Karanta, idona ba ya ganin ƙananan nan."

Dada ta karanta rukunin Baba: Hamajoɗa, Jalo, Apollos, da abokinsu Albert. Ba ta kai ga na biyu ba Goggo ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, tiren wake ya kife, kajin maƙwabta suka amsa.

Baba ya je ya tsaya a gaban firji. Da ya yi magana muryarsa ba irin ta kullum ba ce.

"A gaya wa mai kwamfuta, an gani. Allah ya yi albarka." Ya gyara murya. "Kuma a duba kujerun jirgi. Yadda aka yanka tikiti, ni da yaron nan muna jere. Ba zan tauna kaza a gefensa ba. A mai da shi can baya."

Ya fita masallaci da sauri, bai ko jira direba ba.

Sha biyu da minti uku, Suhaib: "Kin kashe ni."

Da minti biyar: "Mista Zadok ya kira. Wai gobe ƙarfe shida zai gwada ni shi kaɗai, in zo da ƙwallo ashirin."

Da minti shida: "Me na yi miki?"

Ban amsa ba. Na shiga ɗaki na yi sallah, na zauna a kan darduma ina kallon wayar kamar za ta cije ni. A falo ina jin Goggo a waya tana Fillanci da ƙarfi, dariya tana katse ta. Awa biyu da rabi shiru. Sai uku saura kwata wayar ta haska.

"Mama ta kira ni tana guɗa. Ta yi min bayanin komai, har da dalilin da Baba ke kallon bishiya."

"Ruƙayyatu, da gaske ne?"

Ina cikin neman abin da zan rubuta wani saƙon ya shigo.

"A'a, kada ki rubuto. Ba zan karɓi amsa daga takardar otal ba, ba zan karɓa daga bakin Goggo ba. Gobe zan je a wulaƙanta ni saboda ke, na yarda. Amma yau ina ƙofar gidanku. Ki fito ki faɗa min da bakinki."

Na ɗaga labule. Ga motarsa a gindin mangwaro, ga shi tsaye cikin farin kaftani, hannaye a baya kamar ɗalibin da aka kira ofis. Kafin in saki labulen Goggo ta shigo, ta yafa min mayafin Dada mai duwatsu, ta fesa min turarenta har sai da na yi tari, ta tura ni waje ta rufe ƙofar falo, na ji ta murza makulli.

Na tsallake baranda. Na wuce igiyar shanya. Da na hango inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin get sai na ratse na tsuguna a bayan tankin ruwa. A nan nake yanzu haka, minti hamsin ke nan, ina rubuta muku duk wannan da babban yatsa, ɗayan hannun riƙe da fasfo ɗin da na fito da su a ruɗe, tururuwa na hawa ƙafata. Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Yanzu kuma ya sa baki a ramin makulli.

"Ruƙayyatu," ya ce, "ina ganin gefen mayafinki."